Jiragen Kwal da Suka Ƙi Mutuwa: Waiwaye kan Tsofaffin Layukan Dogo na Birtaniya

A ranar 11 ga watan Agusta na 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami jirgi mai kwal. Jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga Liverpool, ya je Carlisle ya komo, daga nan aka rufe babin tururi a manyan layukan ƙasar da ta haifi jirgin ƙasa. Mahukunta suna da hujjarsu. Kan jirgi mai kwal yana cin ma'aikata, yana shan ruwa ba kaɗan ba, sai an yi sammako an hura masa wuta sa'o'i kafin ya motsa, ga toka ga hayaƙi. Na dizal kuwa, ana tayar da shi sai tafiya. Haka aka riƙa jan kawunan jirage dubbai zuwa wurin masu yankan ƙarfe, har da waɗanda ba su cika shekara goma da ƙerawa ba.

Da an gaya wa mutanen wancan lokaci abin da ake gani yau, da ba su yarda ba. Layukan dogo sama da ɗari ne a Ingila da Wales da Scotland suke tafiyar da waɗannan tsofaffin jirage, kuma miliyoyin mutane ke biyan kuɗi duk shekara don su hau. Doka ta ƙayyade wa yawancin layukan gudun mil 25 a awa, saboda haka babu mai hawa don sauri. Jinkirin da ya sa aka yar da su, shi ne yanzu hajar da suke sayarwa. Na zaga da dama daga cikinsu, daga kwazazzaban Wales har tsaunukan Scotland, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce wanne ya fi kyan kallo. Amsata kullum ita ce kyan ƙasa kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba. Layin da ke zama a zuciyar baƙo shi ne wanda ya haɗa abu uku: ƙasar da ido zai ƙoshi da ita, injin da ake jin yana aiki da gaske, da mutanen da suka san dalilin shimfiɗa dogon tun farko.

Labarin ya faro ne daga wani ɗan layi mai suna Talyllyn a yammacin Wales. Tsawonsa mil bakwai da 'yan kai, faɗin dogonsa ƙafa biyu da inci uku. An buɗe shi a 1865 don sauko da sileti, baƙin dutsen nan mai ɓarewa falle-falle da Turawa ke rufin gidaje da shi, daga mahaƙar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn da ke bakin teku. Mahaƙar ta mutu a 1946, amma mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya ci alwashin jirgi ba zai tsaya ba muddin yana numfashi, kuma ya cika alkawarinsa. Kafin ya rasu a 1950 ciyawa ta riga ta lulluɓe dogon, katakon da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe, kan jirgi ɗaya tak ke iya motsi. Sai wani injiniya kuma marubuci, Tom Rolt, ya tara masu sha'awa a Birmingham, suka kafa ƙungiya suka karɓi layin. Ranar 14 ga Mayu 1951 jirginsu na farko ya tashi. Wannan ne karo na farko a duniya da mutanen gari suka ceci layin dogo suka riƙe shi da aikin sa-kai.

In don kallo ne kawai, Talyllyn ba zai zo na ɗaya ba. Filayen kiwo ne da tumaki, da gangara mai itatuwa, sai gadar Dolgoch inda ake sauka a taka da ƙafa zuwa wurin da ruwa ke kwararowa daga kan dutse. Darajarsa tana wani wuri. Kawunan jirginsa biyu na asali, Talyllyn na 1864 da Dolgoch na 1866, suna nan da ransu. Taragan fasinja na farko ma suna nan, masu ƙofa a gefe ɗaya kawai, domin dogon ya matsu da bangon gadoji a ɗaya gefen. Mai sayar da tikiti da mai duba shi da mai zuba kwal, yawancinsu hutun aikinsu suka sadaukar suka zo. Kana iya tsayawa kusa da kan jirgi a tasha ka yi tambaya, wanda fuskarsa ta yi baƙi da toka ya amsa maka dalla-dalla, da murnar an tambaye shi. Wannan karamci ba ya cikin kuɗin tikiti, amma shi ne mutum ke tunawa.

Idan aka nausa arewa kaɗan sai Ffestiniog, wanda a ganina ya fi kowanne cika sharuɗɗan nan uku. An buɗe shi a 1836, mil goma sha uku da rabi daga garin Blaenau Ffestiniog da ke kan tsauni zuwa tashar ruwa ta Porthmadog. Magina sun tsara dogon da gangara ɗaya tun daga sama har ƙasa, ta yadda taragan sileti ke gangarowa da nauyin kansu babu inji. Dawakin da za su ja taragan da aka sauke wa kaya su koma sama, a cikin wani tarago na baya suke sauka, suna hutawa suna cin abinci. Tururi bai zo ba sai 1863. Bayan 'yan shekaru aka kawo wani irin kan jirgi mai fuska biyu da bututun hayaƙi biyu, direba a tsakiya, wanda ake kira Fairlie. Ɗaya daga cikinsu, Merddin Emrys, a maƙerar layin aka ƙera shi a 1879, kuma har wannan zamani an ci gaba da ganin sa yana jan fasinja.

An rufe Ffestiniog a 1946, aka fara farfaɗo da shi a 1955. Ana cikin haka hukumar lantarki ta gina madatsar ruwa wadda ta nutsar da wani sashe na tsohon dogon kusa da Tanygrisiau. Da wasu ne, da sun haƙura da rabin layi. Waɗannan kuwa suka ɗauki diga da shebur a 1965, suka fara sara sabuwar hanya ta mil biyu da rabi a jikin dutse, yawancin aikin a ranakun hutun ƙarshen mako. A Dduallt suka sa dogon ya yi zobe ya haye kansa don ya samu tsawon da zai wuce saman ruwan. Sai 1982 jirgi ya sake shiga Blaenau.

Tafiyar tana farawa da kyau irin wanda ake bugawa a kalanda. Jirgi yana bin wata ganuwa mai tsawon kusan mil ɗaya da aka tare teku da ita tun 1811, ruwa a wannan gefe, tsaunukan Snowdonia a wancan. Daga nan ya kama hawa cikin kurmi, yana manne da gefen dutse, kwari yana ta nisa a ƙasa. A ƙarshe kuma ya sauke ka a Blaenau, garin da tsibin tarkacen sileti masu launin toka suka kewaye ta ko'ina. Wasu baƙi suna cewa ƙarshen tafiyar ya ɓata farkonta. Ban yarda da su ba. Kowane tsibi a can gumin mahaƙa ne, mutanen da ƙurar dutse ta cinye huhun da yawa daga cikinsu don a rufe gidaje a biranen duniya. Wanda ya ga kurmi bai ga tarkacen ba, rabin labari ya ji. Hukumar UNESCO ma haka ta gani, domin a 2021 ta sa yankin sileti na arewa maso yammacin Wales cikin wuraren tarihi na duniya, da mahaƙunsa da garuruwansa da layukan dogonsa.

Daga tashar Porthmadog ɗin ne kuma ake kama Welsh Highland, mil 25 zuwa Caernarfon. Shi wannan ya mutu tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashe dogonsa, sai da aka sake gina shi daga tushe aka kammala a 2011. In ana maganar kallo tsantsa a Wales, shi ne gwani. Yana ratsa mashigin Aberglaslyn inda kogi ke tafasa a ƙarƙashin taga, ya wuce ƙauyen Beddgelert, ya bi gindin tsaunin Snowdon, ya ƙare a gaban tsohuwar ganuwar Caernarfon. Manyan kawunan da ke jan sa, irin da ake kira Garratt, daga Afirka ta Kudu aka sayo su bayan sun gama aikinsu a can. Aibinsa ɗaya ne: tafiyar ta haura awa biyu kafin a yi zancen dawowa, mai ƙananan yara sai ya shirya.

Manyan layuka masu cikakken faɗi kuwa, asara ce ta haife su. A 1963 Dakta Richard Beeching ya fitar da rahoton da ya nemi a rufe tashoshi sama da 2,300 da kimanin mil 5,000 na dogo. Garuruwa da yawa suka wayi gari babu jirgi. Masu kishin wasu layukan suka yi karo-karo suka sayi guntaye. Saura kawunan jirgi, kuma nan ne wani dillalin tsofaffin ƙarafa a garin Barry, Dai Woodham, ya shiga tarihi. Ya sayi kawuna kusan 300 don ya yanka, amma ya ga yankan taragan kaya ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, sai ya jera kawunan a fili ya bar su ruwa da iskar teku suna dukan su. Daga 1968 zuwa 1990 ƙungiyoyi suka riƙa zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da 213. Wasu sun shafe shekara ashirin ko fiye ana gyaran su a rumfuna kafin su sake fitar da hayaƙi.

Cikin waɗannan manyan layuka, uku ne suka fi tsaya mini a rai. Bluebell da ke kudancin Ingila, wanda ya fara aiki tun 1960, ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da kurmi, ba abin da zai sa ka miƙe tsaye. Ƙarfinsa yana cikin taragansa na katako da tashoshinsa, waɗanda aka mayar da kowace zuwa kamannin wani zamani daban. Don su sake haɗuwa da babban layi a East Grinstead a 2013, sai da suka kwashe dubban tan na sharar da aka cika wani rami na hanyar da ita. Severn Valley, mil 16 daga Kidderminster zuwa Bridgnorth, yana bin kogi cikin natsuwa, yana haye shi a kan gadar ƙarfe ta Victoria, kuma ƙananan tashoshinsa irin su Arley sun fi na ko'ina tsafta da furanni. A 2007 ruwan sama ya yanke masa hanya a wurare 45, jama'a suka tara kuɗi, a shekarar da ta biyo ya dawo aiki.

Na ukun shi ne North Yorkshire Moors, mil 18 daga Pickering zuwa Grosmont, wasu jiragen kuma suna zarcewa har garin Whitby na bakin teku. George Stephenson ne ya tsara hanyar, aka buɗe ta a 1836, aka rufe a 1965, masu sa-kai suka sake buɗe ta a 1973. Tana ratsa kwarin Newtondale inda mota ba ta bi, kuma a ƙarshen watan Agusta tuddai kan rine da shunin furen daji. Abin da ya ɗaga wannan layi sama da takwarorinsa shi ne hawan da ke tsakanin Grosmont da Goathland, inda dogo ke tashi ƙafa ɗaya a kowace ƙafa 49. A nan ake jin inji yana nishi kamar san noma a ƙasa mai tauri, mai zuba kwal bai da sararin ɗaga kai, ƙarar tana amsawa cikin kwari. Duk wanda ke son sanin bambancin jirgi mai kwal da na dizal, ya zauna a taragon gaba a wannan hawa.

Wani sauyi da na lura da shi tsawon shekaru shi ne na masu hawan. A da, yawanci dattawa ne da suka yi aikin reluwe ko suka girma suna jin usur ɗin jirgi, suna zuwa da ɗan littafi suna rubuta lambar kowane kai. Waɗannan suna ta raguwa. Masu zuwa yanzu iyalai ne da matasa da baƙi daga ƙasashen waje, da yawansu kuma fim ne ya kawo su. Tashar Goathland ta fito a fim ɗin Harry Potter na farko. Gadar Glenfinnan mai baka 21 a Scotland ita ma ta fito a finafinan, kuma jirgin Jacobite da ke bi ta kanta, mil 41 daga Fort William zuwa Mallaig, sai an kama kujera tun da wuri. Ta fuskar kallo babu na biyunsa a duk ƙasar: tafkuna masu zurfi, tsaunuka tsirara, farin yashin Morar, tsibirai can cikin teku. Amma cunkoso ya yi yawa. Tudun da ke fuskantar gadar kan cika da masu ɗaga waya, ƙaramin ƙauyen kuma yana fama da motoci. A cikin jirgin, da yawa daga an wuce gadar sai su koma kan wayoyinsu, alhali mafi kyan hanyar yana gaba.

Ba na raina waɗannan sababbin baƙi. Kuɗinsu ne ke sayen kwal. Jirgin cin abincin dare da jirgin yara na lokacin Kirsimeti su ne ke rufe ramin da watannin sanyi ke haƙawa a asusun layuka da yawa. Tukunyar tururi kuwa duk bayan kimanin shekara goma dole a kwance ta a duba a gyara, aikin da ke cin maƙudan kuɗi. Abin da nake tsoro shi ne layi ya manta da labarinsa ya zama wurin ɗaukar hoto kawai. Layin da ya iya karɓar mai neman fim ya sallame shi ya san wani abu game da mahaƙan sileti ko masunta ko manoman da dogon ya yi wa hidima, shi ne ya ci riba biyu.

Gaba ma ba ta rasa ƙalubale. A watan Nuwamba na 2023 aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran a kudancin Wales, wadda layuka da yawa suka dogara da kwal ɗinta. Ƙasar da ta taɓa sayar wa duniya kwal yanzu daga ƙetare take sayo wa tsofaffin jiragenta, da tsada. Ana gwada curarren makamashi da aka gauraya da ragowar tsirrai, wasu kuma suna mayar da kawunansu masu ƙona mai. Lokacin zafi ya ƙara bushewa, tartsatsi ɗaya na iya tayar da gobara a daji, saboda haka akwai makonnin da ake ajiye mai kwal a sa na dizal. Masu sa-kai na farko sun tsufa. Layukan da suka buɗe ƙofa ga matasa da mata, suka koya musu tuƙi da ƙira da gyaran tukunya, su ne nake ganin za su kai labari.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi. Dogo ya iso Kano a 1911, da gumin talakawan da aka tara aikin diga, har abin ya shiga waƙa a Zazzau. Jiragen kwal ne suka yi shekaru suna kwashe dalar gyaɗa zuwa teku. Akwai kuma ɗan siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos don kuza, mil 143 har Bukuru, wanda aka kammala a 1914. Faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi ne. An rufe shi a 1957, shekara shida kacal bayan mutanen Talyllyn sun nuna wa duniya cewa ana iya ceton irinsa. Da an bar ko mil goma na hawan tudun nan, da yau muna da abin da zai yi gogayya da duk layukan da na lissafa. Saliyo ta rufe nata layin mai irin wannan faɗi a 1974. A shekarar da ta biyo, wani layi a Wales mai suna Welshpool da Llanfair ya sayi kan jirgi mai lamba 85 da wasu taragai daga can, suka yi shekaru suna ɗaukar masu yawon buɗe ido. Daga baya Saliyo ta tattara abin da ya rage mata ta buɗe gidan tarihin jirgin ƙasa a Freetown. A Legas ma akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Ebute Metta.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa Birtaniya, hukuncina shi ne: in kallo kake so, Jacobite ko Welsh Highland, in ƙarfin inji, North Yorkshire Moors, in karamci da asali, Talyllyn, in kuwa rana ɗaya gare ka kana son duka a haɗe, to ka nufi Ffestiniog. Ga mu da ke gida kuma, ba sai mun jira gwamnati ba, domin yawancin waɗannan layuka ba gwamnati ce ta fara ceto su ba. Tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da masu ba da hannu suna nan a unguwannin reluwe na Zariya da Kano da Kafanchan da Minna, kuma kullum raguwa suke yi. A je a zauna da su a naɗi labarinsu. Tsofaffin tashoshi da tankunan ruwa da kawunan jirgin da tsatsa ke ci a bayan shinge, a ƙirga su, a ɗauki hotonsu, a nemi hukuma ta hana a sayar wa 'yan gwangwan. Malaman tarihi da ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikatan reluwe da masarautu su haɗa kai su fara da tasha ɗaya, tun waɗanda suka san aikin suna raye.